Iska Na Tafe, Baba Ya Ƙi Saukowa

Litinin, 6 ga Janairu, bayan azahar

Rediyo ta faɗa, waya ma ta faɗa: sanyi na tafe daga arewa, da iska mai ƙarfi, da dusar ƙanƙara a kan duk dutsen da ya isa a kira shi dutse. Wai nan da kwana goma ko sha biyu. Mai karanta labarin har da fara'a a muryarsa, kamar biki yake sanarwa. Yana can birni cikin ɗaki mai ɗumi. Allah ya sa takalminsa ya huje.

Wannan littafin na 'yata Tuda ne, ta bar shi da za ta koma makarantar kwana. Rabinsa zanen taswira, rabi fari. Ba ni da wanda zan yi wa magana a gidan nan, to bari in yi wa takarda.

Baba yana saman dutse har yanzu. Kowa ya sauko da garkensa tun Oktoba, shi kaɗai ya rage a azib, ɗakin duwatsun da makiyaya ke fakewa a ciki lokacin zafi. Tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu, da tumaki sittin, da kare mai ɗingishi, a ɗakin da ko ƙyauren kirki ba shi da shi.

Haddu ya ji sanarwar tare da ni. Ya tashi ya je duba igiyar alfadari. Mijina ke nan. Ko gidan ne ya kama da wuta, igiyar alfadari zai je dubawa.

Laraba, 8 ga Janairu, hantsi

Tun safe ina kan soro. Na shimfiɗa leda, na danne ta da duwatsu arba'in da ɗaya, ni na ɗauko su ɗaya-ɗaya daga bakin rafi. Hannuwana duk sun tsattsage. Haddu yana ƙasa yana toshe ramukan ɗakin dabbobi da laka.

Gwaggo Hadda, ƙanwar Baba, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata, ta leƙo ta nata soron tana tauna busasshen ɓaure.

"Sannu da aiki, Itto. Ledar nan taki sai ta riga ki zuwa Makka."

"To Gwaggo, in ta je ta yi mana addu'a."

"Ke dai bakinki ba ya mutuwa. Kin hau wurin ubanki?"

Na ce ban hau ba tukuna.

"Tukuna. Tun kaka kike cewa tukuna. Ke kaɗai fa kika rage masa."

Ke kaɗai. Kamar ban iya ƙirga ba. Kamar sai an tuna mini. Na ɗauki dutse na arba'in da biyu na buga shi a kan ledar har ta huje, na zauna ina ɗinke abin da na ɓata da hannuna.

Alhamis, 9 ga Janairu, la'asar

Itace bai isa ba. Harawa ba ta isa ba. Komai bai isa ba.

Juma'a, 10 ga Janairu, bayan la'asar

Maza sun zauna a ƙofar masallaci bayan an sauko. Sun raba aiki: wa zai leƙa tsofaffin da ke zaune su kaɗai, wa zai riƙe shebur a bakin hanya, gidan wa za a kai masu ciki in hanya ta toshe. Bana kowa ya zama mai dabara. Bana kowa ya san a ina igiyarsa take da fitilarsa. Sannunku.

Da aka zo kan Baba, wai wani ya ce, "Bassu shi ya zaɓa wa kansa." Na tambayi Haddu wa ya faɗi haka, ya ƙi gaya mini. Ya san zan je har gida in same shi.

Yana cire takalmi ya ce, "Gobe zan hau."

"Ka hau ya jefe ka da dutse irin na wancan karon?"

"Bai same ni ba ai."

"Don idonsa da aka yi wa aiki ne bai gama warkewa ba. Yanzu ya warke."

Ya yi ɗan murmushi. Murmushin nan nasa shi ya fi komai ƙona mini rai.

Asabar, 11 ga Janairu, magariba

Ya hau da asuba da alfadari: buhun garin sha'ir, man zaitun, sukari, ganyen shayi, bargo biyu, gishirin dabbobi. Ya dawo da komai, ban da gishirin. Gishirin Baba ya karɓa, wai tumaki ba su yi masa laifi ba.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce ba zai sauko ba."

"Na san wannan. Me ya ce?"

Haddu ya tsaya yana kwance kaya, bai dube ni ba. "Ya ce in gaya wa 'yarsa shi ba ya cin abincin gidan da ake jin kukan mutum a waya, a ajiye wayar a ƙara wa murhu itace."

Haka ya maimaita, kalma-kalma, kamar mai faɗin sunayen kayan miya.

"Kai kuma ka ce masa me?"

"Na ce to, Baba."

To, Baba. Shekara guda ana tofa masa yawu yana cewa to, Baba. Kofin shayin da ke hannuna ban san lokacin da ya bar hannuna ba. Ya tarwatse a jikin bango. Haddu ya ɗauko tsintsiya. Na ƙwace na ce ya fita mini daga gani.

Ya ce ƙafar Baba ta hagu tana ja, kuma tari yake yi. Ya ce rufin azib ɗin ya buɗe ta gefen arewa. Ta gefen arewa!

Litinin, 13 ga Janairu, bayan magariba

Yau jajiberin sabuwar shekarar manoma. Na yi kuskus da kayan lambu bakwai kamar kullum, na ɓoye ƙwallon dabino a ciki, don Gwaggo ta ce ba za a bar al'ada saboda fuskata ba. Mu uku muka zauna. Ba wanda ya sami ƙwallon. Da na zo wanke akushi na gan shi manne a gindi.

Bara mu biyar ne. Baba yana asibiti a gari an yi masa aikin ido, amma Tuda tana gida hutu, kuma Addi yana nan.

Addi. To, na rubuta. Ƙanena. Bara shi ya sami ƙwallon, ya ɗaga shi sama yana cewa shekarar tasa ce, kowa ya kauce. Ya ci akushi biyu, ya goge hannu a gyalena don ya ji na yi masifa. Na kuwa yi.

Bayan kwana shida ya hau neman tumaki uku da suka ɓace.

Ya isa haka.

Talata, 14 ga Janairu, azahar

Rana ƙwal. Sama fes, ko gajimare ɗaya babu. Mata sun fito da barguna suna shanya, ana ta yi wa rediyo dariya. Matar liman ta ce da ni, "Kin ga, Itto, duk wahalar duwatsun nan a banza."

Bara ma haka ta yi. Irin wannan ranar ce, mai kyau, mai yaudara, har mutum ya fita ba safar hannu.

Ban tanka mata ba. Da na tanka da an kira liman.

Laraba, 15 ga Janairu, safe

Ruwan randa ya daskare. Da taɓarya na fasa shi.

Alhamis, 16 ga Janairu, la'asar

Ina tankaɗe a ɗakin girki Gwaggo ta shigo ba sallama, ta jawo ƙofa ta rufe. Ba ta zauna ba.

"Haddu fa?"

"Ya tafi daji neman itace."

"Madalla. Itto, kin san kaurin katangar da ke tsakanina da ku?"

Na ce ban taɓa aunawa ba.

"Ni na auna. Tafin hannu biyu ce. In kin yi atishawa ni ke ce miki Allah ya yi miki rahama. Ranar nan ta bara ina zaune a jikinta. Na ji ƙarar waya. Na ji Haddu yana neman takalmi. Na ji abin da ya biyo baya, tun daga farko har ƙarshe."

Rariyar tana hannuna, na ci gaba da tankaɗe, gari yana zuba a ƙasa ban kula ba.

"Shekara guda ina jira ki buɗe bakin nan naki da ba ya mutuwa. Kin zagi liman, kin zagi maza, kin zagi rediyo, kin zagi rana. Yayana yana can zai daskare saboda ba zai iya haɗa hanya da mutumin da yake zaton ya bar ɗansa ba. Mijinki kuma ya zama jakin kowa. Ni ba zan faɗa ba, ba maganata ba ce. Amma in Bassu ya mutu a can, kada ki zo mini kuka, wallahi ƙofa zan rufe."

Na ce, "Gwaggo, fita."

"Zan fita. Ki share garin nan, albarkar Allah ce."

Tsohuwar banza mai kunnen jemage. Shekara guda tana cin abincina tana kallona.

Ba ta yi ƙarya ba ko ɗaya.

Juma'a, 17 ga Janairu, bayan la'asar

Saƙo ya shigo kowace waya a ƙauyen nan lokaci guda: jan gargaɗi. Iskar za ta iso ranar Lahadi da yamma, ƙanƙara ta biyo ta, kwana uku ko huɗu. Kada kowa ya hau dutse. Tuda ta kira, an hana su tafiya gida, za su zauna a makaranta. Ta ce, "Inna, Kaka ya sauko?" Na ce yana hanya. Yanzu har 'yata nake yi wa ƙarya.

Lahadi. Sha tara ga wata. Ranar da Addi ya hau ke nan, ko ranar ma ba a canza mini ba.

Haddu ya dawo daga masallaci ya ce maza shida sun yarda gobe su hau su sauko da Baba ko yana so ko ba ya so.

"Ku ɗaure shi kamar rago?"

"In ta kama."

"Ya mutu da baƙin ciki a hanya ke nan, maimakon sanyi."

"To me kike so in yi, Itto?"

Ban san daga ina ta fito ba. Na ji kawai ina ihu. Na ce me ya sa ka saurare ni? Kai ba namiji ba ne? Ba ka fi ni ƙarfi ba? Da hannu ɗaya za ka iya ɗauke ni daga bakin ƙofar nan ka ajiye gefe, me ya sa ba ka yi ba? Me ya sa ka zauna? Kuma me ya sa tun ranar ba ka taɓa buɗe baki ka ce ita ce ba? Kana jin daɗi ne kowa na ganinka mai haƙuri ni ina ruɓewa a ciki?

Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce, "Na leƙa waje a ranar, kafin ki tare ƙofar. Ban ga ko katangar Gwaggo ba. Da kika riƙe ni, wani abu a cikina ya ji daɗi. Shi ya sa ban ture ki ba. To in ce wa Baba me? In ce ke ce? Ya rasa ɗa, in sa ya rasa 'ya?"

Tun da muka yi aure bai taɓa yin magana mai tsawon wannan ba.

Na ce ya gaya wa mazan su zauna a gidajensu.

Asabar, 18 ga Janairu, asuba

Zan hau. Ni kaɗai. Na ce wa Haddu ya biyo ni gobe da sassafe da alfadari, ko Baba ya yarda ko bai yarda ba.

Lahadi, 19 ga Janairu, magariba

Mun sauko. Hannuna ba ya riƙe alƙalami.

Litinin, 20 ga Janairu, hantsi

Iskar tana dukan gidan kamar mai gaba da shi. Ba a ganin komai ta taga sai fari. Ledata ta tafi tun jiya, da ita da rabin duwatsun. Bututun murhun Gwaggo ya karye, ta kwaso bargunanta ta dawo wurinmu. Mu huɗu a ɗaki ɗaya, tumaki a ƙasanmu, ɗuminsu da warinsu suna tasowa ta tsakanin azara.

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara shi a raina ba.

Awa huɗu na yi ina hawa. Dole hanya ta bi ta Tizi, mashigar nan tsakanin duwatsu biyu, inda aka sami gawar Addi. Ban taɓa zuwa ba sai shekaranjiya. Wuri ne kawai. Duwatsu da ƙaya. Daga nan in ka juya kana hango hayaƙin gidajenmu. Kusa ƙwarai. Abin da ban sani ba ke nan, kuma da na san haka ne da ban duba ba.

Na sami Baba yana ɗaura buhu a ramin rufi da igiyar da ta rube. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Shi ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni, Baba."

"To sha ruwa ki koma tun da rana."

Na ce ba zan koma ba sai ya ji abin da ya kawo ni. Ban zauna ba, don na san in na zauna ba zan faɗa ba.

Na ce, "Baba, ranar da Addi ya kira, bayan la'asar ne, ƙanƙara ta riga ta rufe ko'ina. Ya ce yana Tizi, ba ya ganin hanya, ƙafafunsa sun daina ji. Haddu ya sa takalmi ɗaya, yana neman ɗayan. Ni na kulle ƙofa na jefa makullin cikin rigata. Na ce in ya fita, ni da Tuda za mu bi shi ba takalmi, mu mutu gaba ɗaya. Na rantse masa da Allah. Ya roƙe ni, na ƙi. Wayar ta sake ƙara sau biyu. Ni na kashe ta."

Baba bai motsa ba. Igiyar tana hannunsa.

"Ba Haddu ba ne. Ni ce. Ka jefe ni da dutsen in kana so, ga su nan da yawa. Amma gobe iska za ta zo, kuma ba zan sauka in bar ka ba. In ka zauna, na zauna."

Na jira ya zage ni. Na so ya zage ni. Ya juya ya ci gaba da ɗaurin buhunsa. Da ya gama ya shiga cikin tumaki yana duba kofatonsu ɗaya bayan ɗaya har rana ta faɗi. Bai ce mini ci kanki ba. Ya dafa shayi, ya zuba kofi ɗaya, ya sha. Ya jefo mini bargo ba tare da ya dubi inda nake ba.

Da gari ya waye na ga ya naɗe tabarmarsa, ya ɗaure tukunya da buta. Haddu ya iso rana na fitowa. Ya tsaya nesa kaɗan, inda dutse ba zai kai ba. Baba ya dube shi ya daɗe. Sannan ya ce, "Kai za ka shiga gaba. Ka fi ni ido."

An ce da yamma iskar za ta zo. Ƙarya suke, ko azahar ba a yi ba. Muna dab da Tizi sama ta yi baƙi ta arewa, sai na ji kamar an watsa mini allurai a fuska. Tumaki suka dunƙule wuri guda suka ƙi gaba. Haddu ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya miƙo mini, na miƙa wa Baba. Ya kama babban ragon da ƙaho yana ja, sauran suka bi. Na ce Baba ya hau alfadari, ya yi kamar iska ce ta yi magana. Haddu ya ce, "Baba, hau mana," ya ce shi ba kaya ba ne. Sai da ƙafar hagun ta ci amanarsa ya faɗi a kan gwiwa, Haddu ya dawo ya ɗaga shi cak ya ɗora. Bai yi gardama ba.

A Tizi ban ga hannuna ba. Ban ga alfadarin da nake jin numfashinsa a wuyana ba. Igiyar kawai nake ji tana ja na. Na yi ta kiran sunan Haddu, iska tana mayar mini da shi cikin baki. A nan na san abin da Addi ya gani. A nan kuma na san abin da Haddu zai shiga da na buɗe masa ƙofa. Duka biyun na sani yanzu, kuma ba wanda ya sauƙaƙa mini ɗayan.

A gangaren ƙarshe muka ji ana buga garwa. Mazan ƙauye ne, sun fi goma, sun jeru riƙe da igiya ɗaya tun daga bakin rafi, suna kaɗa garwa don mu ji inda hanya take. Liman ne a gaba, rawaninsa ya tafi. Wani ya karɓi ragon daga hannun Haddu, wani ya lulluɓe ni da bargo. Na so in ce musu bana kun iya fitowa. Leɓena ya ƙi motsi. Gara haka.

Tumaki hamsin da huɗu suka shiga ɗaki. Shida suna can.

Talata, 21 ga Janairu, azahar

Iska. Iska. Iska.

Baba yana magana da Haddu. Tun safe suke zancen kofato da harawa da wace tunkiya ce za ta riga haihuwa. Ya ce masa "ɗana" sau biyu, na ƙirga. Ni kuwa in yana son shayi sai ya ce, "Hadda, ce a zuba mini." Ina zaune kamu ɗaya da shi.

Gwaggo ta ce, "Yaya, ni ba 'yar aikenka ba ce. Ga mai butar nan a gabanka, ba kurma ba ce."

Ya ce, "To bar shi." Ya fasa sha.

Laraba, 22 ga Janairu, la'asar

Itace saura na kwana biyu. Mun fara ƙona tsohon ƙyauren rumbu. Ruwa yana ɗiga ta kusurwar da ledar ta bari, na tara kwanoni uku.

Yatsun ƙafar Baba biyu sun yi fari, sun kumbura. Ya bar Gwaggo ta duba, ni ya janye ƙafar.

Na faɗi gaskiya, ga abin da ta saya mini. Wai mutum yana jin sauƙi in ya sauke. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa sauke komai ba.

Alhamis, 23 ga Janairu, safe

Tunkiya ta haihu a ƙasa, tagwaye. Ɗaya ya rayu.

Juma'a, 24 ga Janairu, hantsi

Shiru ne ya tashe ni. Iskar ta tsaya. Ƙanƙara ta kai rabin ƙofa, Haddu ta taga ya fita ya haƙo mu. Rufin ɗakin karatun yara ya tafi, gidaje biyu sun zube ta baya, ba wanda ya mutu. Tuda ta samu ta kira. Na ce mata Kaka ya sauko, wannan karon da gaske.

Gwaggo ta koma duba gidanta, Haddu yana waje da shebur. Ni da Baba kaɗai muka rage. Na ɗumama ruwa, na kawo man zaitun da tsumma, na durƙusa a gabansa. Na ce a raina in ya janye ƙafar zan kife masa kwanon a ka, uba ko ba uba ba.

Bai janye ba.

Ina cikin shafa man ya ce, "Itto."

Rabon da in ji sunana a bakinsa tun bara.

"Na ga Tizi ranar Lahadi. Da kin buɗe ƙofar nan, da biyu aka binne. Wannan tsakaninki da Allah ne, ni ba ni da abin cewa." Ya yi tari ya huta. "Amma kin bar ni shekara guda ina tsine wa mutumin da bai yi mini komai ba. Na jefe shi da dutse, Itto. Da hannun nan. Kina gida kina ji. Wannan ba zan yafe miki yau ba."

Na ce, "To, Baba."

"Ɗaure a hankali, ba buhu kike ɗaurewa ba."

Lahadi, 26 ga Janairu, bayan la'asar

Da safe Baba ya ce a kai shi wurin Addi. Ashe bai taɓa zuwa ba. Lokacin da hanya ta buɗe bara ya dawo daga asibiti an riga an yi kwana tara da binnewa, ya ji abin da ya ji, ya kwashe tumakinsa ya koma wancan gefen rafi, da bazara ta yi ya hau.

Haddu ya ɗora shi a alfadari. Na bi su a baya, ba wanda ya ce in zo, ba wanda ya ce in koma.

Maƙabartar ta zama fili ɗaya fari, ko kan dutsen kabari ɗaya ba a gani. Na tsaya ina juye-juye. Ni da na yi ta zagin mutane a kan ƙanena, ban san inda yake kwance ba. Baba ya ce mu koma, sai ƙanƙarar ta narke.

Haddu ya je jikin katangar gabas, ya ƙirga taku goma sha ɗaya, ya juya dama ya yi uku, ya kafa shebur. Bai yi laluben komai ba. Baba ya dube shi.

"Kana zuwa ne?"

"Duk Juma'a, Baba. In an sauko."

Duk Juma'a. Ni ina gida ina cewa ya tsaya surutu a ƙofar masallaci, abinci yana hucewa.

Ya haƙa ƙanƙarar har ya kai gwiwa, gumi yana daskarewa a girarsa. Ina tsaye hannuwana cikin hammata, ban san inda zan sa idona ba. Sai Baba ya yi gyaran murya daga kan alfadarin.

"Ya isa, ɗana. Ba ta shebur ɗin. Ƙanenta ne."

Haddu ya miƙo mini. Ƙotar tana da ɗumin hannunsa. Na shiga ramin na ci gaba daga inda ya tsaya, ina haƙa, ina haƙa, har bakin shebur ya daki dutse.